Koyar da Turanci ta Hanyar Wasan Kwaikwayo a Ajin Sakandare: Jagora ga Malami

Duk malamin Turancin da ya daɗe a makarantar sakandare ya san irin wannan ɗalibi: yana cike gurbi a jimla ba kuskure, ya haddace rabe-raben kalmomi, rubutunsa kuma ba laifi, amma da zarar baƙo ya tsayar da shi a bakin ƙofa ya tambaye shi hanyar ofishin shugaban makaranta da Turanci, sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Laifin ba na yaron ba ne. A ajin da ke da ɗalibai 70, a darasin minti 40, ko da malami ya yi shiru gaba ɗaya ya bar su suna magana ɗaya bayan ɗaya, abin da kowa zai samu bai wuce daƙiƙa 34 ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi ɗalibai 40 ga malami ɗaya a babbar sakandare, sai dai a makarantun gwamnati da dama wannan ya tsaya a takarda. Jarrabawar ma ba ta matsa wa kowa ya buɗe baki ba, domin takardar furuci ta WAEC da ta NECO a Najeriya a rubuce ake amsa su, ɗalibi ya zaɓi harafi ya yi masa baƙi da fensir, ba tare da ya furta sauti ko ɗaya ba.

Wata mai bincike a ƙasar Kanada, Merrill Swain, ta lura da yaran da Turanci ne harshensu na gida amma ake koyar da su darussa da Faransanci shekara da shekaru. Suna fahimtar abin da aka faɗa sarai, amma idan suka zo yin magana sai kurakuran nahawu su yi yawa. A 1985 ta bayyana cewa sauraro kaɗai ba ya isa, sai an sa mai koyo a halin da dole ya fitar da magana da bakinsa, a nan ne yake gano abin da bai iya faɗa ba. Wasan kwaikwayo na cikin aji hanya ce mai araha ta ƙirƙirar wannan hali, ba ya bukatar lantarki ko na'ura, sai allo da 'yan guntayen takardu.

Da farko, a san wane irin wasa ake nufi

Da yawa daga cikin malaman da suka ce sun gwada wannan hanya ba ta yi ba, abin da suka yi shi ne: sun zaɓi yara huɗu mafiya ƙoƙari, sun ba su tattaunawar da ke cikin littafi sun haddace, sun fito gaban aji sun karanta, sauran 66 suna kallo suna dariya. Wannan wasan dandamali ne, yana da ranarsa, kamar ranar raba kyaututtuka. Wasan da ake nufi a nan ba shi da 'yan kallo. Kowane ɗalibi yana fitowa a matsayin wani mutum, likita ko majinyaci ko ma'aikacin banki, yana da bukatar da yake son biya, kuma bai san abin da abokin wasansa zai ce ba. Duk ajin suna yi a lokaci guda, kowa a kan bencinsa.

Ba baƙon abu ba ne ga yaranmu. Yaron da ke yin tashe daga goma ga watan azumi, ya manna gemun auduga ya riƙe sanda ya zama tsoho, ko yarinyar da ta girma tana wasan 'yartsana tana aurar da ita da kai ta ɗakin miji, ba sai an koya musu shiga rigar wani ba. Abin da ya rage ga malami shi ne ya juya wannan baiwa zuwa Turanci.

Zaɓen yanayi

Wannan mataki ne ya fi kowane muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Idan malami ya ce, "Kai mai tumatir ne, kai kuma mai saye," nan take wani zai tambaya a ransa me zai sa ya yi wa mai tumatir Turanci alhali dukansu Hausawa ne. Kafin minti biyu wasan ya koma Hausa, kuma da gaskiyarsu. Saboda haka sai a nemi wurin da ɗalibin ya san cewa Turanci zai iya zame masa dole. Likita ɗan bautar ƙasa da aka turo asibitin ƙaramar hukuma daga kudu, bai iya Hausa ba. Ma'aikaciyar banki da aka je wa da ƙorafin an cire kuɗi a POS amma ba su fito ba. Jami'in cibiyar rajistar JAMB da ya rubuta sunan ɗalibi ba daidai ba. Fasinja a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa da ya sami wani zaune a kujerarsa. Duk waɗannan yara sun gani ko sun ji labari a gida.

Sharaɗi na biyu shi ne a sami matsala a cikin yanayin. Gaisuwa da tambayar farashi suna ƙarewa cikin daƙiƙa ashirin, amma idan bukatun mutanen biyu sun ci karo, magana ba ta yankewa sai an warware. Na uku, yanayin ya fito daga abin da ke cikin manhajar wannan zango, don kada wasan ya zama hutu daga karatu. Idan darasin makon shi ne yadda ake amfani da "since" da "for" wajen faɗin daɗewar abu, to ganin likita ya dace, tunda babu likitan da ba ya tambayar tun yaushe ciwon ya fara. Da wannan misali za a ci gaba har ƙarshen jagorar, an kuma tsara shi ne don 'yan aji ɗaya na babbar sakandare.

Rubuta katin kowane ɗan wasa

Malami zai rubuta kati biyu, gajeru, layi huɗu ko biyar kowanne, da Turanci mai sauƙi. Kati ba ya ɗauke da jimlolin da za a faɗa, yana ɗauke da halin da mutum yake ciki kawai.

Katin majinyaci zai ce masa: kwana uku kana fama da zazzaɓi da ciwon kai, tun jiya da dare kake amai, ka riga ka sayi magani a kemis ka sha amma ka manta sunansa, kuma ba ka son a faɗa maka ka yi gwajin jini domin gobe kana da jarrabawa da safe, kuɗin hannunka kuma ba su da yawa. Katin likita zai ce: ba ka jin Hausa, dole ka gano alamomin ciwo guda uku da tsawon lokacin kowanne, dole ka san ko ya sha wani magani kafin ya zo, kuma ba za ka rubuta magani ba sai ya yarda a yi gwaji.

Sirrin yana cikin abin da aka ɓoye. Majinyaci ba zai ambaci maganin kemis ba sai an tambaye shi, likita kuma bai san zancen jarrabawa ba. Wannan ne ke tilasta wa ɗaya yin tambaya ta gaske, ɗayan kuma yin sauraro na gaske. Don haka kada a bari su ga katin juna. Inda babu kuɗin hoton takarda, malami zai iya rubuta katin likita a allo yayin da waɗanda ba likitoci ba suka kifa kai a tebur, a kwafa, a goge, sannan a rubuta na majinyaci. Yana cin minti uku zuwa huɗu, amma ya fi a fasa. Wanda ya buga nasa a kwali kuwa, ya riƙa karɓewa bayan darasi, zai yi masa aiki a duk rassan ajin har shekara mai zuwa.

Tanadar musu guzurin magana

Tura yara cikin wasa ba tare da kalmomi ba kamar tura mutum gona ne ba fartanya. Minti goma na farkon darasi na wannan aiki ne. Malami ya fara da tambayar wanda ya taɓa zuwa asibiti da abin da aka tambaye shi, ya karɓi amsa ko da Hausa ce, sannan ya mayar da ita Turanci a allo. Kada jimlolin su wuce shida ko takwas, a raba allo gida biyu, na likita da na majinyaci. A gefen likita: "What is the matter?", "How long have you had it?", "Have you taken any medicine?", "You should do a blood test first." A gefen majinyaci: "I have had a fever for three days", "I have been vomiting since last night", "I am afraid I can't, because…", da kuma jimlar da ta fi kowace amfani ga mai koyo, "Could you say that again, please?"

A nan ne malamin da ke jin Hausa ya fi baƙon malami dama, domin ya san kuskuren tun kafin a yi shi. Bahaushe yana "shan" magani ko da ƙwaya ce, don haka yaro zai ce "drink the tablet" maimakon "take". Yana "jin" sanyi, sai ya ce "I am hearing cold". Kansa yana "yi masa ciwo", sai ya ce "my head is paining me", alhali abin da mai gyaran jarrabawa ke nema shi ne "I have a headache". A ɗora jimlar Hausar a kusa da ta Turancin, a nuna musu inda hanyoyin suka rabu. Yara suna jin daɗin wannan, kuma abin ya fi zama a kai fiye da a ce musu kawai "ba daidai ba ne".

Haka ma furuci. Hausa ba ta bambanta sautin "p" da "f" a matsayin baƙaƙe biyu, ba ta da "v", ba ta da sautin "th", kuma ba ta fara kalma da baƙaƙe a cunkushe irin na "st". Kalmomin asibiti kuwa kamar an zaɓo su ne don wannan gwaji: "pain", "fever", "vomit", "three", "stomach". A maimaita su tare sau uku ko huɗu, a nuna cewa leɓɓa biyu ne ke haɗuwa su fashe a "p", haƙoran sama kuma ke taɓa leɓen ƙasa a "f" da "v". Minti biyu sun isa. Waɗannan sautuka su ne ke fitowa a takardar furuci, don haka ba ɓata lokaci ba ne ko ga mai tunanin jarrabawa kaɗai.

Bayan haka malami ya kira ɗalibi ɗaya, ba lallai gwanin ajin ba, su yi wasan na minti ɗaya da wani ciwo dabam, kamar ciwon haƙori, don kada a kwafe. Ya fi kyau malami ya ɗauki matsayin majinyaci, ya riƙe kunci yana nishi. Idan yara suka ga Malam da kansa ya sauke girma ya yi, kunyar da ke ɗaure musu harshe tana raguwa sosai.

Wasan kansa

A aji mai cunkoso ba a motsa benci. Yawanci mutum uku ke zama a benci ɗaya, to a yi amfani da hakan: na dama likita, na hagu majinyaci, na tsakiya mai sa ido. Aikin mai sa ido shi ne ya rubuta alamomin ciwon da likita ya gano, ya yi alama duk lokacin da ya ji "since" ko "for", ya kuma ɗaga biro idan aka zarce da Hausa. Ta haka babu wanda ke zaune hannu rabbana. A faɗa musu lokaci, minti huɗu, a kuma faɗa musu abin da ke nuna an gama, wato sun cimma matsaya a kan gwajin jinin: yau, ko gobe bayan jarrabawa, ko majinyaci ya ƙi. Kafin a ce su fara, a tambayi mutum biyu daga bayan aji su maimaita umarnin da bakinsu, domin "kun gane?" kullum amsarta "e" ce.

Za a yi hayaniya, babu makawa, mutum fiye da ashirin ne ke magana a lokaci guda. Hikima ita ce a sanar da malamin ajin da ke maƙwabtaka da mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu tun kafin ranar, don kada a leƙo a zaci aji ya gagari malami. A kuma yi yarjejeniya da yara a kan alamar tsayawa, kamar tafi uku ko ɗaga hannu, wadda duk wanda ya gani zai yi shiru ya ɗaga nasa.

Yayin da suke yi, malami yana zagayawa da takarda a hannu, yana saurare, yana rubuta abin da ya ji, mai kyau da marar kyau. Abu mafi wuya ga malamin Turanci shi ne ya ji kuskure ya yi shiru, amma dole ya daure. Yaron da aka katse a tsakiyar jimla don a gyara masa aikatau ba zai ƙarasa jimlar ba, kuma wataƙila ba zai fara wata ba. Ana sa baki ne kawai idan benci ya yi tsit, shi ma da raɗa, a ba likita tambaya ɗaya a wuce. Idan wani ya nemi kalma da Hausa, a ba shi ta Turanci nan take ba tare da faɗa ba. Al'adar cin tara ko bulala a kan wanda ya yi Hausa ba ta da gurbi a wannan darasi, abin da take koya wa yaro shi ne cewa shiru ya fi aminci.

Bayan minti huɗu sai a juya: mai sa ido ya zama likita, likita ya zama majinyaci, majinyaci ya koma sa ido. Tunda yanzu an san sirrin katin, malami ya canza abu ɗaya a allo, misali majinyacin yanzu tsoron allura yake yi, ko likitan yana sauri domin akwai layi a waje. Zagaye na biyu kusan kullum ya fi na farko kyau, domin ƙwaƙwalwa ta huta da tunanin abin da za a faɗa ta koma kan yadda za a faɗe shi. Wanda ya tsaya a zagaye ɗaya ya bar ribar a baya. Idan lokaci ya ba da dama a yi na uku, kowa ya taɓa kowane matsayi.

Gyara bayan wasa

Minti bakwai na ƙarshe a fara su da sakamakon wasan, ba da nahawu ba: majinyata nawa suka yarda da gwaji, wane likita ne ya gano zancen maganin kemis, da wace tambaya? Wannan yana nuna wa yara cewa abin da suka faɗa an ji shi. Daga nan malami ya rubuta jimloli biyar daga takardarsa a allo, biyu masu kyau, uku masu kuskure, ba tare da ambaton mai su ba, ya bar ajin su gano waɗanda ke bukatar gyara. "I am having fever since three days" za ta fito a kusan kowane aji, kuma gyaranta a wannan lokaci, bayan yaro ya bukace ta da kansa, ya fi tasiri fiye da misali goma na littafi. Sai yanzu ne, idan akwai sauran lokaci, za a iya kiran benci ɗaya su maimaita nasu a gaban aji, kuma waɗanda suka yarda da kansu.

Aikin gida ya fito daga wasan: majinyaci ya rubuta wa shugaban makaranta wasiƙar neman uzuri yana bayyana ciwonsa da abin da likita ya ce, ko likita ya rubuta gajeren rahoto. Wasiƙar hukuma tana cikin abubuwan da ake tambaya a takardar insha'i, kuma wannan ita ce amsar da malami zai bai wa duk wanda ya ce masa yara wasa suke yi maimakon shirin jarrabawa.

Abubuwan da ke ɓata shiri

A makarantar da maza da mata ke aji ɗaya, a bar kowa da abokan bencinsa, kada a haɗa saurayi da budurwa a matsayin miji da mata ko makamancin haka, domin dariyar da za ta biyo baya da maganar da za ta kai gida sun isa su rufe wannan hanya har ƙarshen shekara. A guji matsayin da zai iya zama laƙabi, kamar ɓarawo ko mahaukaci ko mashayi, yara ba sa mantuwa da irin wannan. A hana kwaikwayon karin harshen wata ƙabila don ba da dariya, likitan baƙo ne mai mutunci, ba abin zolaya ba. Idan malami ya san akwai ɗalibin da ke jinyar wani a gida ko aka yi masa rasuwa kwanan nan, ya ajiye wasan asibiti ya ɗauko na banki.

Ɗalibi mai in'ina ko mai tsananin kunya ya fara da sa ido, sannan likita, tunda tambayoyin likita gajeru ne kuma suna kan allo. Gwanaye kuma, waɗanda ke gama nasu cikin minti biyu su fara damun maƙwabta, a tanadar musu kati na uku a aljihu: mahaifin majinyaci ya shigo yana cewa shi maganin gargajiya ya fi yarda da shi.

'Yan ƙaramar sakandare suna bukatar ƙarin tallafi. A ba su tattaunawar a rubuce da gurabe a ciki, su yi sau ɗaya suna kallo, sannan malami ya riƙa goge kalmomi daga allo kaɗan-kaɗan har su yi ta ba komai. 'Yan ajin ƙarshe kuwa za su iya ɗaukar wasan mutum biyar ko shida, kamar taron iyaye da malamai a kan ko a bar ɗalibai su zo da waya, wanda ke shirya su ga insha'in muhawara.

Game da maki, ba zai yiwu a auna mutum 70 a rana ɗaya ba. Malami ya ware benci huɗu a kowane wasa ya tsaya kusa da su, ya ba kowane ɗalibi maki a kan abu uku: ko ya biya bukatar da ke katinsa, ko ya yi amfani da tsarin jimlar da aka koyar, da ko ana fahimtar furucinsa. Benci huɗu mutum 12 ke nan, saboda haka idan ana yin wasan sau ɗaya a mako, cikin mako shida an zagaye ajin, kuma makin zai iya shiga cikin gwajin zango kafin a fara jarrabawa.